Baƙo a Kabarin Ade

Khushdil ya rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe, ya ja mata layi a ƙasa, ya kakkaɓe allin hannunsa a jikin wando.

"Honor," ya ce. "Wa zai gaya mini abin da take nufi?"

Babu wanda ya ɗaga hannu. 'Yan aji tara ne a wata makarantar kuɗi da ke Mardan, ƙasar Pakistan, samari masu sabon tsiron gashin baki, kuma zafi ya riga ya gama dafa su tun kafin rana ta take. Fankar da ke sama tana juyawa kamar roƙonta ake yi.

"To, ku saurara. A darasin jiya an tara jama'a an ba wani soja lambar yabo. Wannan girmamawar ita ce honor. Bature in ya tsaya gaban alƙali, da wannan kalmar yake kiransa. Mutumin da ya yi alkawari ya cika ko da zai yi asara, shi ma sai su ce yana da ita. Mu fa, me muke ce mata?"

"Daraja, Ustaz."

"Mutunci."

Daga can bencin baya wani mai ƙaton kai ya ce, "Ustaz, ai ita ce ta kai kawuna kurkuku. Shi dai ban ga an ba shi lambar yabo ba."

Aji ya fashe da dariya. Khushdil bai yi ba. Ya buɗe baki zai ce wani abu ke nan sai wayarsa ta hau ɓari a aljihu. Matarsa ce, Wagma, wadda ba ta taɓa kiransa yana cikin aji ba. Ya fita baranda.

"Baban Asfandyar," ta ce. "Ade ta cika. Ka taho yanzu-yanzu. Don Allah kada ka tsaya ko'ina, akwai magana."

Ko jakarsa bai koma ya ɗauka ba.

A cikin ƙaramar bas ɗin da ke zuwa ƙauye, an matse shi tsakanin mai buhun albasa da wani tsoho mai kaji, yana ta jiran hawaye su zo, suka ƙi. Da safen nan fa ya bar uwarsa zaune a gadon igiya tana yi wa Wagma faɗa wai shayi ya yi ruwa. Ta yaya mai faɗa kan shayi da safe za ta zama gawa kafin azahar?

Sunanta Bakht Bibi, amma kowa a ƙauyenmu Ade yake ce mata, har liman, wanda yakan rage murya in zai wuce ƙofarta. 'Ya'ya maza biyu ta haifa. Khushdil ne babba, mai littafi da tabarau. Ƙaramin, Zarshad, shi ne na gona, shi ne kuma ɗan lelenta, ba ta ɓoyewa. Shekarun baya aka kashe shi kan ruwan ban-ruwa. Ranar layin gonar rakensu ne, maƙwabcinsu Laiq Zada ya toshe magudanar ya karkata ruwan cikin tasa gonar. Magana ta yi zafi, shebur ya tashi sama, sai ga Zarshad kwance cikin taɓo da kai a fashe. Laiq Zada ya yi zaman kurkukunsa, da ya fito bai ko kwana a ƙauye ba, ya gudu Karachi.

Sau biyu danginsa suna turo dattawa da rago a nemi sulhu. Ade ta tsaya bayan ƙofa ta ce, "Ku ja ragonku ku koma. Ni ɗa na rasa, ba dabba ba." Dattawan nan masu farin gemu suka juya sumui-sumui kamar yaran da aka koro daga makaranta.

Falmaran ɗin da Zarshad ya mutu a ciki kuwa ba ta bari an wanke ta ba. Duk safiyar Sallah, kafin a kawo shayi, sai ta buɗe akwatinta ta ɗauko ta, jinin ya bushe ya yi baƙi, ta shimfiɗa a gaban Khushdil.

"Ga ɗan'uwanka ya zo yi maka barka da Sallah. Me za ka ce masa?"

"Ade, kotu ta riga ta yi hukunci."

"Kotu! Kotu ce ta shayar da shi? Namiji ɗaya Allah ya ba ni, an kashe. Ɗayan kuma alli yake riƙewa."

Haka yake haɗiyewa shekara da shekaru, kuma kada wani ya ce maka ba ya jin zafi. Yana ji sosai. Da ta ga uban ba zai motsa ba, sai ta koma kan ɗan. Asfandyar, ɗan Khushdil tilo, a gindin gadonta ya girma, labarin Zarshad ne tatsuniyarsa. Yanzu ya zama saurayi ɗan shekara ashirin, yana karatun harhaɗa magunguna a Peshawar, hutu ne ya dawo da shi gida.

Tun daga bakin titi Khushdil ya jiyo lasifikar masallaci tana sanar da jana'iza bayan azahar. Hujra, zauren maza, ta riga ta cika, an jera gadajen igiya har waje. Daga cikin gida kukan mata yana tashi yana sauka. Ya shiga ya ga fuskarta. An ɗaure mata haɓa da farin ƙyalle, amma wallahi ko a haka kamar za ta buɗe ido ta tambaye shi abin da ya tsayar da shi.

Wagma ta ja hannun rigarsa zuwa madafa, ta tura ƙofa.

"Akwatinta a buɗe yake," ta ce. "Falmaran ɗin ba ta ciki. Ƙaramar bindigar mahaifinku ma ba ta ciki."

"Wace bindiga? Ai na ɗauka tuni aka rabu da ita."

"Haka ka ɗauka. Da numfashinta ya fara sarƙewa, ba ta ce a kira ka ba. Asfandyar ta kira, ni kuma ta ce in fita. Na laɓe a bakin ƙofa, na ji da kunnena. Ta ɗora hannunsa a kanta ta ce, 'Ubanka ya gaza. Kada ka bari ƙasa ta cinye ni mutumin nan yana shan iska.' Shi kuma ya ce to."

"Laiq Zada ai yana Karachi."

"Ya dawo! Kai kaɗai ne ba ka sani ba, kai da littattafanka. Tun makon jiya yana gidan surukinsa a ƙetaren magudana. Matan unguwa ne suka kawo mata labari, Allah ya isa tsakanina da su." Ta cakumi gaban rigarsa da hannu biyu. "In yaron nan ya harbe shi, ko gwamnati ta rataye mini shi, ko 'ya'yan mutumin su tare shi a hanya. Ɗa ɗaya gare ni. Ka yi wani abu, ko sau ɗaya ne a rayuwarka!"

Ya sami Asfandyar a bayan hujra, jingine da bishiya, ya lulluɓa da mayafin ulu mai kauri cikin zafin da ko karnuka sun nemi inuwa.

"Mayafi cikin wannan ranar?"

"Sanyi nake ji, Baba."

"Ba ni abin da ke ƙarƙashinsa."

Asfandyar ya ɗago. Idanunsa sun kumbura sun yi jajawur. "Ba naka ba ne. Shekara nawa Ade tana ɗora maka aikin nan kana ƙi?"

"Ni ne fa ubanka!"

"Na sani. Ita kuma uwarka ce."

Kafin Khushdil ya sami abin cewa, sai ga ayarin masu gaisuwa daga ƙauyen gaba. Aka ɗaga hannuwa ana addu'a, dole ya juya ya ɗaga nasa. Yana shafawa ya waiwaya, saurayin ya ɓace cikin jama'a. Ya ce a ransa, bari a rufe ta tukuna. Daga maƙabarta zai kama hannun yaron nan ya sa shi a mota, ya kai shi Peshawar da kansa, ko da ɗaure shi zai yi. Kafin nan dai babu abin da zai faru. Laiq Zada ba mahaukaci ba ne da zai doso taron nan.

Aka yi mata salla a filin jana'iza, sahu har bakin gonaki. Aka ɗauki gadon da gawar ke kai a kafaɗa ana karɓa-karɓa, aka bi siririyar hanyar da ta ratsa cikin rake zuwa maƙabarta. Khushdil yana riƙe da ƙafar gadon ta gaba, idonsa kuma yana ta neman mayafin ulu cikin jama'a. A gabansu baffansa ne, Haji Nek Amal, ƙanen mahaifinsa kuma babban gidan a yanzu, yana dogara sanda.

Sun kusa kabarin sai tafiya ta tsaya cak. Waɗanda suka riga su isa sun yi da'ira nesa da ramin, babu mai magana. Masu haƙa sun ja gefe, ƙasa har gwiwa, fuskokinsu kamar sun ga aljani.

"Lafiya?" in ji Haji. "Ba ku gama ba ne?"

"Mun gama, Haji Sahib," in ji babbansu. "Zuwa kawai muka yi mu sami sallar gawa. Wallahi tallahi babu kowa a ciki muka bar shi."

Haji ya hau tsibin ƙasar ya leƙa. Sandar ta suɓuce daga hannunsa.

"La'ilaha illallahu!"

Aka sauke gadon a ƙasa. Khushdil ya ƙarasa bakin ramin, ya duba.

Mutum ne kwance a kabarin uwarsa. Rayayye. Ya naɗe jikinsa da likkafani har wuya, ya miƙe sambal a rigingine, kansa babu hula, ya ciji danƙin ɗanyar ciyawa a tsakanin haƙoransa. Gemun ya yi fari, kumatun sun faɗa, amma waɗannan ƙananan idanun Khushdil ba zai manta da su ba ko a lahira. Laiq Zada ne.

Wa bai san nanawatai ba a ƙasar nan? Mun saba gani, mutum ya zo ƙofar wanda ya yi wa laifi, da rago da dattawa, ya ƙasƙantar da kansa ya roƙi a yafe. Amma shiga kabari, wannan a bakin tsofaffi kawai muke ji, cikinmu babu wanda ya taɓa gani da idonsa. Wanda ya kwanta a ramin mamacinka yana ce maka ne, ko ka miƙo hannu ka ɗaga ni, ko ka turo ƙasar a kaina. Gawa ba ta shiga sai ya fita, shi kuma ba ya fita da ƙafarsa. Ciyawar bakinsa kuwa cewa take, ni ba mutum ba ne a gabanka, sanka ne, ka yi yadda ka ga dama da ni.

Maƙabarta ta ɗauki raɗa.

"Innalillahi! Da tana raye ai ko kusa ba zai doso ba."

"Shi ya sa ya jira ta rufe ido, makirin banza."

"Kai, rufe mana baki! Ka taɓa ganin namiji da ciyawa a baki? Ni tsigar jikina ce ta tashi."

Can jikin katanga 'ya'yan Laiq Zada biyu suna tsaye, manyan samari, sun cire huluna, sun buɗe tafukan hannu don kowa ya ga ba su zo da komai ba.

Abin da ya fi razana Khushdil ba mutumin ba ne, kansa ne. Shi ne fa mai cewa kotu ta yi hukunci. Shi ne mai yi wa yara wa'azi cewa ramuwar gayya jahilci ce. Amma da ya ga fuskar nan a daidai wurin da uwarsa za ta kwanta, wani abu ya taso masa daga ciki. Ga shebur a soke cikin tsibin ƙasa, dab da hannunsa. Ya ji yana so, so na gaske, ya ciko shi ya watsa a idanun nan, ya ƙara, ya ƙara, har farin ƙyallen ya ɓace. Ashe zuciyar Ade ce a ƙirjinsa bai sani ba.

"Fito," ya ce. Muryar ta fita kamar ta wani. "Fito daga kabarin uwata, kare!"

"Ba a faɗin haka, ɗana," in ji Haji a hankali. "Ba zai fito da kansa ba, kai ma ka sani. Ni kuma ba ni da ta cewa. Jinin ɗan'uwanka ne, maganar a bakinka take."

"Haji Sahib, ka san abin da take faɗa kullum. Ga ta nan kwance, ko sanyi ba ta gama yi ba!"

"Na sani. Ga ta nan kuma a rana tana jira."

Liman ya gyara murya zai fara jawabi kan falalar yafiya, Haji ya ɗaga masa hannu, ya haɗiye abinsa.

Laiq Zada ya juya kai ya tofar da ciyawar gefe.

"Khushdil Khan," ya ce, muryarsa a dishe. "Ban zo musu ba. Ni na buge shi. Ruwan naku ne ranar, ni na sata. Tun daga nan ban ƙara barcin kirki ba, 'ya'yana kuma ba sa tafiya sai da waiwaye. Na gaji. Ga shebur kusa da kai. In ka rufe ni, babu mai neman jinina, na sa sun rantse da Alƙur'ani. In ka ɗaga ni, ni bawanka ne har in mutu. Amma don Allah ka ƙare abin nan yau."

Wurin ya yi tsit, har ƙudajen da ke shawagi a kan gadon ana ji. Cikin wannan shirun ne Khushdil ya ji wani ɗan sauti, ƙas, na ƙarfe.

Ya ɗaga kai. Asfandyar yana tsaye a ɗaya bakin ramin, daidai saitin kan Laiq Zada. Mayafin ya zame daga kafaɗa ɗaya, sai ga falmaran ɗin Zarshad a jikinsa, da baƙin tabonta. Hannunsa na dama yana cikin mayafin, gwiwar hannun tana ɗagowa a hankali. Hawaye suna bin fuskarsa. Kowa idonsa na cikin rami, babu wanda ya lura.

Wanda ya harbi mai nanawatai, a cikin kabari, a gaban gari guda, ba shi da sauran wurin zama a ƙasar nan. Babu gidan da zai ɓoye shi, babu dattijon da zai buɗe baki dominsa, samarin nan na jikin katanga kuma babu rantsuwar da za ta ƙara riƙe su. Ba lokacin zagayawa, ba ma lokacin ihu.

Khushdil ya faɗa cikin ramin.

Ya sauka da gwiwoyi a kan mutumin, har ya ji iska ta fice masa daga ƙirji. Gefen ramin ya zubo musu, tabaransa ya faɗi. Ya baje a kansa, ƙirji da ƙirji, ya kare masa kai da hannuwa biyu, ya runtse ido yana jiran harsashi a tsakiyar bayansa.

Kabbara ce ta zo.

"Allahu akbar! Ya rungume shi! Ya yafe!"

Sama ta rikice da hayaniya, tsofaffi suna kuka, ana ta salati. A ƙasa kuwa warin zufa ne da taba da danshin ƙasa. Gemun Laiq Zada yana gogar kuncinsa, zuciyar mutumin tana bugawa a ƙarƙashin tasa kamar ta tsuntsun da aka kama.

"Kada ka motsa," Khushdil ya raɗa masa a kunne. "Ɗana na sama da bindiga."

"Na gan shi. Tun ɗazu nake kallonsa." Ya yi numfashi da ƙyar. "Ka yafe mini?"

"Ban yafe ba. Wallahi ji nake kamar in shaƙe ka a nan."

"To me ya sauko da kai?"

"Ba kai ba ne."

Laiq Zada ya ce, "Ni ma ba don kaina na shigo ba. Amma sai ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, kowa ya ji. In ba haka ba, yau ka tare shi, gobe fa?"

Gaskiyarsa ce, kuma Khushdil ya ƙara tsanarsa saboda gaskiyar. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa a hankali, yana ajiye jikinsa tsakanin mutumin da bakin ramin. Babu tabarau, fuskokin da ke sama duk sun haɗe, amma mayafin ulu bai ɓace masa ba. Shi ya fuskanta.

"Jama'a, ku shaida," ya ce. Ya sake ɗaga murya. "Ku shaida! Jinin Zarshad ɗan Bakht Bibi, na yafe shi. Ni da ɗana da duk wanda zai fito daga gidanmu. Daga yau wanda ya taɓa mutumin nan ko 'ya'yansa, ni ya taɓa, kuma ta kaina zai fara."

Kowace kalma ta fita kamar tsakuwa. Ji ya yi kamar ya tsinka wa uwarsa mari a gaban gari, alhali ba ta iya ɗaga hannu ta rama.

Ya kwance wa Laiq Zada likkafanin, ya kama hannunsa ya tayar da shi. Hannuwa suka miƙo daga sama suka zare shi. Haji Nek Amal ya cire rawaninsa ya ɗora a tsiraicin kan mutumin, dattawa suka kewaye shi ruf, suka nufi katanga da shi inda 'ya'yansa suka zube ƙasa suna kuka kamar ƙananan yara.

"Kai, yau mun ga namiji!" wani yake faɗa. "Jikoki sai sun ba da labarin nan."

"Ade ta haifu, wallahi ta haifu!"

Khushdil bai fito daga ramin ba, don dama shi ne zai karɓi gawar. Masu haƙa suka miƙo shebur aka kwashe ƙasar da ta zubo, wani ya tsinto masa tabaransa, ido ɗaya ya tsage. Ya maƙala shi haka nan ya duba sama. Jama'a sun bi dattawa da kallo, amma Asfandyar yana nan inda yake, bai motsa ba, hannun yana cikin mayafi, idonsa a kan rawanin da ke tafiya can jikin katanga. Magana an yi ta, an kuma shaida, amma bindiga ba ta san an yi ba.

"Asfandyar," ya kira. "Sauko. Ba zan iya karɓarta ni kaɗai ba."

Saurayin bai ko dube shi ba.

"Mace ce, ba kowa ne zai taɓa ta ba. Daga ni sai kai. Ko so kake in kira bare ya kama kakarka?"

Haji ya dawo, kansa babu rawani, yana haki. Tsohon nan ba a yi masa wayo. Ya kalli saurayin sama da ƙasa, ya kalli gwiwar hannun, sannan ya matsa dab da shi har ya kare shi daga idon jama'a, ya miƙa hannu.

"Kawo mayafin nan, jikana," ya ce ƙasa-ƙasa. "Za a yi mata labule a kan ramin. Kawo shi da duk abin da ke ciki."

Aka tsaya. Rana tana dukan gadon, liman yana jira da hannu a harɗe, waɗanda ke kusa sun fara juyowa suna tambayar me ake jira. Khushdil yana tsaye cikin rami, ƙirjinsa daidai da ƙafafun ɗansa, yana kallon yatsun ƙafar yaron suna ƙanƙame takalmi. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba, har da na ɗazu.

Asfandyar ya cire mayafin ya dunƙule shi, ya tura wa Haji a ƙirji da ƙarfin da ya kusa kayar da tsohon. Wani abu mai nauyi ya wuce cikin aljihun Haji, babu wanda ya ce uffan. Saurayin ya dafa bakin ramin ya diro.

Aka ware mayafin, maza suka kama gefensa suka rufe saman kabarin. Haske ya dushe. Uba da ɗa suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa cikin ƙuncin ramin, suna jin takun masu matso da gadon. Asfandyar ya dafa ƙasa don ya gyara zama, sai ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Da ɗumi," ya raɗa. "Baba, ɗumin jikinsa ne. A nan za ka kwantar da ita?"

Khushdil ya ɗora nasa tafin. Da ɗumi kuwa, har da ɗan lotsawar da bayan mutumin ya bari. Sai a lokacin hawayen da suka ƙi zuwa tun safe suka ɓalle masa.

"A nan," ya ce.

"Ka sayar da ita. Daga yau ba ni da uba."

"Na ji. Ka gaya mini a gida. Ka gaya mini safe da yamma, har gemunka ya yi fari, zan saurara."

Gefen mayafin ya ɗaga, liman ya fara bismilla, farin likkafani ya soma sauko musu a hankali.

"Tallabi kanta," in ji Khushdil. "Sa hannu biyu."

Asfandyar ya sa hannu biyu.